Daga Kakuri zuwa Kantin Kwari: abin da buɗe kasuwa ya yi wa ƙasashe masu tasowa

Wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano da hantsi ba zai yarda an ce sana'ar tufafi ta mutu a ƙasar nan ba. 'Yan dako na ɗauke da diloli a ka, masu baro na neman a ba su hanya, baƙi daga Maraɗi da Damagaram da Njamena da Garwa kowa na riƙe da takardar sautunsa. Kuɗi na juyawa a kasuwar nan fiye da yadda mai wucewa zai ƙiyasta. To amma ɗauki turmin atamfa guda ka tambayi mai shago inda aka saƙa shi. Galibi zai ce maka Chaina. Wani yadin daga Indiya ya zo, shaddar manya kuma, wadda ake kira gezna, daga Ostiriya. Mu ne masu saye, mu ne masu sayarwa, mu ne masu ɗinki da ado, amma hannun da ya kaɗa zaren ya saƙa shi yana wata nahiyar.

Tafiyar 'yan sa'o'i daga nan, a unguwar Kakuri da ke Kaduna, akwai ɗaya rabin labarin. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, lokacin gwamnatin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Bayanta Arewa Textiles ta zo da hannun Japanawa a ciki, sai UNTL a 1964, wadda attajiran Hong Kong suka kafa har ta zama babbar masaƙa a duk yankin. A Kano ma an cika Bompai da Sharaɗa da Challawa. Zuwa shekarun 1980, babu wani reshe na masana'antu a Nijeriya da ya kai saƙa yawan ma'aikata. Jiniya na kaɗawa sau uku a yini, wasu na fita wasu na shiga. Bayan kowane ma'aikaci kuwa akwai manomin auduga a Funtuwa ko Malumfashi ko Gusau ko Gombe, da mai injin gurza, da direban babbar mota, da mai tuwo-tuwo a bakin ƙofar kamfani, da mai gidan haya. Yau yawancin gine-ginen nan ciyawa ce ta cinye su.

A lura da wani abu tun daga nan: da kuɗin Ingila da Japan da Hong Kong aka gina Kakuri. Ke nan jarin waje shi ya taimaka aka kafa masaƙun, kayan waje kuma suka taimaka wajen rushe su. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ce dunƙulewar duniya alheri ce zalla, ko sharri ce zalla, bai zauna ya duba lamarin ba.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne dunƙulewar duniya, wato yadda kaya da kuɗi da labari da mutane ke ratsa ƙasashe cikin sauri da araha, saboda jirgin ruwa mai ɗaukar kwantena dubbai, da waya, da intanet. Wannan abu ne da ke faruwa ko ka so ko ka ƙi. Kuma ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufar da aka saƙa aka rina a nan tana kaiwa Tumbuktu da Gat da Tarabulus, fatake kuma na zuwa Gwanja ɗauko goro. Na biyu shi ne sakar wa kasuwa mara: gwamnati ta rage kuɗin fito, ta soke lasisin shigo da kaya, ta bar darajar kuɗinta a hannun masu saye da sayarwa, ta janye tallafi, ta sayar da kamfanoninta. Wannan shawara ce da mutane ke yankewa a ofis, suna iya yin ta da wuri ko a makare, gaba ɗaya ko kaɗan-kaɗan, da son ransu ko da wuƙa a wuya. A nan ne ƙasashe suka bambanta.

Yawancin ƙasashen Afirka da na Kudancin Amurka a matsayin masu bashi suka shiga wannan sabon tsari. A shekarun 1970 bankunan Turai da Amurka sun cika da kuɗin man fetur, suka yi ta ba da rance da ruwa mai sauƙi. Da Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa ya doshi kashi 20 cikin 100 a farkon shekarun 1980 don ta kashe tsadar kaya a gida, sai bashin kowa ya kumbura, a daidai lokacin da farashin koko da kofi da tagulla da auduga ke faɗuwa. A watan Agusta na 1982 Meziko ta ce ba za ta iya biya ba. Daga nan ƙasashe suka yi layi a ƙofar asusun ba da lamuni na IMF da Bankin Duniya, su kuma suka ce za su bayar, amma da sharaɗi. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ga kowa, ko kai Gana ne, ko Zambiya, ko Boliviya. A 1989 wani masanin tattalin arziki, John Williamson, ya jera su guda goma ya raɗa musu sunan matsayar Washintan.

Kada a ɗauka kafin nan muna cikin aljanna ne. Waɗanda suka yi wayo a zamanin Shagari da farkon mulkin Buhari na soja suna tuna layin madara da sabulu da shinkafa. Lasisin shigo da kaya ya zama haja, mai uwa a gindin murhu ya karɓa ya sayar wa mai masana'antar da ke buƙatarsa da gaske. An riƙe naira da tsada ta ƙarfin tsiya, a 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a hukumance, abin da ya sa shigo da komai ya fi noma shi araha. Hukumomin sayen amfanin gona kuwa sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da abin da suke samu a kasuwar duniya. Gyara ya zama dole. Abin tambaya shi ne wane irin gyara, kuma wa zai ɗauki nauyinsa.

A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara a kan ko a karɓi rancen IMF. Jama'a suka ce a'a da babbar murya, gwamnati ta sanar cewa ta ƙi rancen. Amma a 1986, shekarar da farashin gangar mai ya faɗi ƙasa da dala 15, sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi. A watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje, zuwa 1987 dala ta kai wajen naira 4, zuwa 1993 ta haura naira 20. Aka soke lasisin shigo da kaya, aka rushe hukumomin amfanin gona guda shida, aka saki kuɗin ruwa na banki, aka fara rage tallafin mai da sayar da kamfanonin gwamnati. A watan Mayu na 1989 ɗalibai da talakawa suka fito kan tituna, aka yi asarar rayuka.

Bari mu bi abin da wannan ya yi wa masaƙa mataki-mataki, domin a nan ake gane yadda manufar da ta yi kyau a takarda ke sauka a ƙasa.

A ƙa'ida, karya darajar kuɗi abokin mai masana'anta ne: kayan waje su yi tsada, naka su yi araha ga baƙo. Kuma da farko haka ta faru. Atamfar Nijeriya ta yi araha ga masu riƙe da sefa, 'yan kasuwar Nijar da Binin da Kamaru suka riƙa kwasa, wasu masaƙu suka ɗan farfaɗo a ƙarshen shekarun 1980. Sai dai masaƙar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Injin daga waje yake, kayan gyaransa daga waje, sinadarin rini daga waje. Duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin canza inji ya ninka, don haka aka ci gaba da lallaɓa tsofaffin injunan shekarun 1960 da 1970 alhali abokan gasa a Asiya na sayen sababbi. Banki kuma, tunda an sakar masa mara, ya gwammace ya ba ɗan kasuwar da zai juya kuɗi cikin wata uku, ko ya yi cinikin dala, da ya ba mai masaƙa rancen shekara goma. Ma'aikacin gwamnatin da ke saya wa iyalinsa turmi biyu da salla albashinsa ya zama ba ya kai rabin wata. Sannan a ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar, arahar da atamfarmu ke da ita a maƙwabta ta ragu a dare ɗaya. Mutanen Nijar ba su manta da wannan rana ba, don su ma a tukunyarsu suka ji ta.

Ta ɓangaren gona, rushe hukumar auduga ya zo da abin da ba a lissafa ba. Hukumar tana ƙwarar manomi a farashi, gaskiya ne, amma ita ce ke raba iri mai kyau wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, ita ce ke tantance daraja ta ɗaya da ta biyu, ita ce ke tabbatar wa manomi cewa akwai mai saye idan kaka ta yi. Da aka ɗauke ta ba a ajiye komai a gurbinta ba. Iri ya gauraye, aka fara samun auduga da yashi ko ruwa a ciki don ta yi nauyi a sikeli, zaren buhun leda ya riƙa shiga cikinta yana ɓata rini. Manoman koko a kudu sun ji daɗin sabon farashi a shekarun farko, amma manomin auduga da yawa sai ya koma masara da waken suya. Kasuwa na iya tsayar da farashi, amma ba ta raba iri, ba ta kafa ma'auni da kanta. Wani ne zai yi wannan aikin.

Sai uwa uba, wuta. Masaƙa na buƙatar lantarki dare da rana, da baƙin mai na tukunyar tururi, da ruwa mai yawa. NEPA ta gaza, matatar Kaduna da ke ba da baƙin mai ta riƙa tsayawa, kowane kamfani ya zama mai samar wa kansa wuta da janareta, mai haƙa wa kansa rijiya, wani lokaci har mai gyara wa kansa titi. Duk wannan kuɗin a kan kowane yadi yake sauka. Babu wani IMF da ya hana mu gyara wuta. Wannan laifinmu ne, kuma ya kamata a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba.

A cikin wannan hali na jinya aka buɗe ƙofa. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, tun ranar da aka kafa ta, 1 ga Janairu 1995, a 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da tufafi. Chaina ta shiga ƙungiyar a Disamba 2001. A farkon 2005 tsohon tsarin da tun 1974 ke ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta iya kai wa Turai da Amurka ya ƙare, masaƙun Asiya suka ƙara girma, kayansu suka ƙara araha a ko'ina. Gwamnatin Obasanjo ta dawo da haramcin, amma haramci a kan iyakar da ta fi kilomita dubu tsakaninmu da Nijar kaɗai, sai ya zama hanyar cin abinci. Kwantena ta sauka a Kwatano ko Lome da sunan kayan wucewa, ta hau zuwa Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ta gangaro ta Jibiya ko Illela. Zanen da masaƙar Kaduna ta biya mai zane ya fitar, cikin 'yan makonni sai ga kwafinsa daga waje, har da tambarin kamfanin a gefe, a rabin kuɗi. Kuma mu faɗi gaskiya, ba baƙi kaɗai suka yi wannan ba. 'Yan kasuwarmu ne suka riƙa ɗaukar samfuri zuwa birnin Gwanzu na Chaina suna ba da oda. Ba na zarginsu da cin amana, ɗan kasuwa inda riba take yake bi. Tsarin da ya sa dillanci ya fi ƙira riba shi ne abin tuhuma.

Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a Kaduna a 2007, tsakaninsu da bayansu wasu da dama suka bi. Daga baya gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa, wasu suka sake kunna inji na ɗan lokaci, amma rance ba ya kawo wuta kuma ba ya tsare iyaka. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, sai a yi dubu ba a fito ba. Abin da ke ɓacewa idan masana'anta ta mutu ya wuce gini da inji. Mutumin da ya shekara ashirin yana gane ciwon inji daga ƙararsa ya koma acaɓa, ya tsufa, bai koya wa kowa ba. Wasu sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Masaƙa kuma wuri ne da Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe ke tsayawa a layi ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, kukan albashi ɗaya. Daga wannan ƙungiya Adams Oshiomhole ya taso. Ina da yaƙinin cewa garin da ya rasa irin wannan mahaɗa ya rasa wani abu da ke riƙe zaman lafiyarsa.

Duk da haka, zalunci ne a ce buɗe kasuwa bai kawo komai ba. Kafin 2001, layukan wayar NITEL a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, samun layi kuwa sai wane da wane. A shekarar aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Mai tumatir a Kadawa na jin farashin Legas kafin ya loda mota. Babur mai araha, injin ban ruwa, farantin sola, fitila mai caji, duk sun shiga ƙauyukan da gwamnati ba ta taɓa kai wa komai ba. Ita kanta atamfar Chaina, ita ce ta sa talaka ke iya haɗa lefe ya fita kunya. Wannan riba ce ta gaske. Matsalarta ita ce ta warwatsu kaɗan-kaɗan a aljihun miliyoyin masu saye, asarar kuwa ta taru a kan garuruwa ƙalilan da iyalai sanannu. Kuma mai saye sai yana da aikin yi kafin araha ta amfane shi.

Yanzu mu dubi wata ƙasa da ta fara nata gyaran a shekara ɗaya da mu. A Disamba 1986 Biyetnam, wadda yaƙi ya ɗaiɗaita kuma take fama da ƙarancin abinci, ta ƙaddamar da shirin da ta kira Doi Moi. Da gona ta fara: ta mayar wa iyalai ikon noma filayensu da sayar da abin da suka girbe. Zuwa 1989 ta fara fitar da shinkafa, daga baya ta zama ta biyu a duniya wajen noman kofi. Ta kai wuta kusan kowane ƙauye, ta zuba ƙarfi a makarantar firamare da sakandare, ta keɓe wuraren masana'antu ta gayyaci masu jari su zo su ƙera don fitarwa. Ba ta shiga WTO ba sai a Janairu 2007, shekara 12 bayanmu, lokacin da masana'antunta suka yi ƙwari. Yau kaso mai yawa na wayoyin Samsung a can ake haɗa su.

Chaina ma haka ta yi, a babban sikeli. Ta fara gyara a 1978, ta gwada buɗe ƙofa a wurare kaɗan irin su Shenzhen a 1980, ta ga abin da ya yi aiki ta faɗaɗa shi, ta riƙe bankunanta da darajar kuɗinta a hannu, ta tilasta wa kamfanonin waje da dama haɗa gwiwa da na gida don a koyi fasaha. Sai bayan shekara 23 ta shiga WTO. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a can cikin shekara 40. Koriya ta Kudu a zamanin Park Chung-hee ta kare kamfanoninta ta ba su rance mai sauƙi, amma da sharaɗi mai tsauri: ka sayar da kaya kaza a kasuwar duniya, in ka kasa a janye gatan a ba wani. Wannan sharaɗin ne muka rasa. Mun kare masaƙunmu shekaru da dama ba tare da an tambaye su ko sun sabunta inji ko sun iya gasa a waje ba, ranar da aka janye kariyar kuma ba a ba su lokacin shiri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bangaladash ta nuna wata fuskar. Ba ta noma audugar kirki, amma a 1979 wani kamfaninta mai suna Desh ya tura ma'aikata 130 Koriya su koyi ɗinkin masana'anta wurin kamfanin Daewoo. Da yawansu suka dawo suka buɗe nasu. Yau ɗinki na ba mutum wajen miliyan 4 aiki, mata da yawa a ciki, kuma shi ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa. Amma a Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kan masu ɗinki, sama da mutum 1,100 suka mutu suna ɗinka wa manyan shagunan Turai da Amurka riguna. Araha tana da mai biyanta, ko da mai saye bai gan shi ba.

Akwai kuma batun waɗanda suka rubuta dokar wasan. Ƙasashen da suka ce wa Afirka ta janye tallafin taki ba su janye nasu ba. A farkon shekarun 2000 Amurka na ba manoman audugarta, kimanin 25,000, tallafin da ya haura dala biliyan 3 a shekara. Wannan ya sa suna noma fiye da kima, farashin duniya ya faɗi, asarar ta sauka a kan miliyoyin ƙananan manoma a Mali da Burkina Faso da Binin da Chadi, waɗanda a zahiri sun fi Ba'amurke noma ta da araha. Ƙasashen huɗu suka kai kuka WTO a 2003, batun na cikin abin da ya watsa taron ƙungiyar na Kankun, a Meziko, a watan Satumba na shekarar. Burazil, mai ƙarfin ɗaukar lauyoyi da yin barazanar ramuwa, ta kai ƙara ta yi nasara, daga baya aka sasanta da ita da kuɗi. Su ƙasashen huɗu alƙawura suka fi samu.

Haiti ta rage kuɗin fiton shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100 a 1995, shinkafar Amurka mai tallafi ta mamaye kasuwa, manoman ƙasar suka bar gona suka cika birni. A 2010 Bill Clinton, wanda a mulkinsa aka matsa a yi hakan, ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa kuskure ne, ya amfani manoman jiharsa ta Arkansas amma ya cuci Haiti. A Gana, majalisa ta amince a 2003 a ƙara haraji a kan kajin waje don kare masu kiwo, aka janye ƙarin bayan matsin lambar IMF. Har gobe garin madarar Turai da aka cire wa mai aka zuba man ja yana shigowa Afirka ta Yamma da harajin kashi 5 cikin 100, a yankin da Fulani ke da shanu miliyoyi.

To ko mafita ita ce a rufe ƙofa? Mun gwada. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020, musamman saboda shinkafa. Injinan casa sun ƙaru a Kano da Kebbi da Jigawa, wannan gaskiya ne. Amma farashin buhu ya tashi, talaka ya biya, masu halastaccen ciniki da Nijar da Binin suka durƙushe, fasa-ƙwauri kuma ya canza hanya ya ƙara kuɗi. Siminti ya fi ba da darasi. Daga 2002 aka ce ba za a ba ka izinin shigo da shi ba sai ka nuna kana gina masana'anta a gida. Aka gina masana'antar siminti ta Obajana da sauransu, ƙasar da ke cikin manyan masu sayen siminti daga waje ta koma mai wadatar da kanta. Kariya mai sharaɗi ta yi aiki. Abin da ya rage shi ne kasuwar ta taru a hannun kamfanoni ƙalilan, mai ginin ɗaki biyu bai ga sauƙin da aka yi masa alƙawari ba. Kariyar da babu gasa a bayanta, mai saye ne ke ɗaukar nauyinta har abada.

A 2023 mun sake shan kashi na biyu na irin maganin 1986: an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hujjojin ba su canza ba, kuma wasunsu na da ƙarfi, domin tallafin da canjin gwamnati sun zama rijiyar da 'yan tsiraru ke sha. Amma tambayar da masaƙun Kakuri suka bari tana nan: idan naira ta yi araha, me muke ƙerawa da za mu sayar wa duniya? Wutar da layin ƙasa ke rabawa mutum sama da miliyan 200 har yanzu tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000.

A ranar 7 ga Yuli 2019, a Yamai, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka. A wannan kasuwa, ƙa'idar da za ta fi shafar Kwari ita ce ta asalin kaya: shin rigar da aka ɗinka a Afirka da yadin Chaina 'yar Afirka ce da za ta wuce ba haraji, ko sai an kaɗa zaren an saƙa shi a nahiyar? Ƙasashe masu ɗinki na son ta farko, masu auduga da masaƙu na son ta biyu, shi ya sa tufafi na cikin batutuwan da suka fi jan lokaci a tattaunawar. Maƙwabciyarmu Binin, wadda ta tashar Kwatano diloli suka daɗe suna bi su shigo mana, ba ta tsaya jira ba. Tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, kuma a Glo-Djigbe, kimanin kilomita 45 daga Kwatano, ta kafa yankin masana'antu inda aka tanadi wuta da ruwa da hanya, ana kaɗa audugar ƙasar, a saƙa, a rina, a ɗinka. Tun 2023 rigunan da aka ɗinka a can suka fara tafiya shagunan Amurka.